Malam Uwaisu, Uban 'Yar Kowa

Malam Uwaisu bai taɓa kiran sunan 'yarsa a gabana ba. Shekara ashirin da ɗaya na san shi, goma sha biyu daga ciki a gida ɗaya muka yi su, amma ko sau ɗaya ban ji sunan Zarah ya fito daga bakinsa ba. Ko dai ya ce "yarinyar nan", ko ya ce "'yar gidan nan", in ransa fari ne ya ce "mutuniyar". Mu da muka tashi a gida mun san kunyar ɗan fari ce, ba mu ga wani abu a ciki ba. Ita kuwa a arewacin London aka haife ta, kuma babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani tun da sauran lokaci. Abu ɗaya ta nema tun tana ƙarama, ubanta ya nuna da kansa cewa ita tasa ce. Ni ce Zinatu, kuma ina faɗa tun yanzu cewa har da ni a cikin masu laifi.

Mutumin Zariya ne, ɗan Tudun Wada, dogo siriri, mai magana a hankali kamar ba ya son ya tashi wani daga barci. A shekarar 1989 aka turo shi London ya yi digirin digirgir a kan falsafar siyasa ta Girkawan dā. Bai shekara biyu ba waɗanda suka turo shi suka manta da shi. Ya kama aikin tura marasa lafiya a keke a wani asibitin kuɗi da ke Marylebone, wai kafin abubuwa su daidaita. Shekara talatin ya yi yana tura keken nan. Kundin digirin kuwa yana cikin kwali a saman kabad, babi uku da rabi.

Sai dai karatun bai bar kansa ba. Duk wanda ya ci tuwo a gidan ya haddace shi ko yana so ko ba ya so. A faɗarsa, wani tsohon malami a ƙasar Girka ya ce babu abin da ke wargaza gari kamar "nawa" da "naka". Saboda haka masu riƙon gari kada su mallaki gida, kada su tara dukiya, 'ya'ya ma a haɗa su wuri ɗaya ta yadda uba ba zai ware nasa ba, in yaro ɗaya ya yi tuntuɓe kowa ya ji zafin. Sai ɗalibinsa ya tashi ya ce sam, abin da jama'a suka yi tarayya a kansa shi aka fi sakaci da shi, domin kowa zai ɗauka wani ne zai kula. Malam Uwaisu yana bayan malamin ɗari bisa ɗari. Ɗalibin kuwa ba ya kiran sa da komai sai "mara kunyar yaron nan", sai ka rantse a unguwarsu yaron ya tashi.

Hujjarsa ita ce mu Hausawa mun riga mun aikata abin da Bagirken ya tsaya yana mafarki. Yakan lissafa noman gandu, da cin abinci a kwano ɗaya, da yadda ake ba wa ƙanwa ko wa ɗa ya riƙe. In ya zo kan kunyar ɗan fari sai ya ajiye cokali ya ɗaga yatsa.

"Kun san dalilin da ya sa uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa? Matsawa yake gefe don sauran dangi su samu wurin shiga. Wannan ba kunya ba ce kawai, tsarin mulki ne."

Mu dai sai mu ce haka ne Malam, mu ƙara miya.

Gidan yana Tottenham, bene mai ɗaki huɗu a wani layi kusa da Bruce Grove. Ba a sa wa ɗaki kwaɗo, ba a rubuta suna a kan abin da ke cikin firji, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Duk Bahaushen da ya sauka Heathrow ba shi da kowa, lambar Malam ce a aljihunsa. Haka na zo a 2003 zan karanci aikin jinya, da lambar a bayan wata takardar magani, rubutun kawuna. Kada na ci amanar gidan, a can na ƙoshi, a can aka ba ni rigar sanyina ta farko, kuma ba wanda ya taɓa yi mini gori. Mazauna suna zuwa suna tafiya, wani wata uku, wani shekara biyar. Wanda bai taɓa tafiya ba shi ne Baba Wahabu, mutumin zangon Kumasi, mahauci a wani shagon nama a West Green Road, aminin Malam da ke ɗakin ƙasa.

Na tarar da Zarah tana shekara shida. Mahaifiyarta, Rukayatu, ta rasu shekara biyu kafin zuwana. An ba ni labari cewa ranar addu'ar bakwai Malam ya tara mutanen gida a falo, ya nuna yarinyar da haɓa, ya ce, "Ga 'yarku nan." Kowa ya yi hawaye, kowa ya ce ya karɓa. Da gaske kuma suke, babu munafuki a cikinsu.

Amma ranar da na fara zaunar da ita zan yi mata kitso, sai na tarar kan ya fi wata guda ba a taɓa shi ba, ya cukurkuɗe a ƙarƙashin hula. Mata uku ne a gidan lokacin. Kowacce ta ɗauka 'yar'uwarta ta yi. Takalminta ya matse ta har yatsa ya yi kanta, kuma maza biyar ne a gidan, kowannensu yana kawo mata alewa in ya dawo daga aiki. Alewa kam ba ta taɓa rasawa ba.

A makarantarsu ana ware wani yini bayan an tashi, iyaye su zo su gana da malamai. Duk zango mutum dabam ne yake zuwa mata, yau ɗalibin injiniya, gobe ni, jibi Baba Wahabu da ƙanshin nama a jikinsa. Malamar ajinsu ta taɓa ja na gefe ta tambaye ni wai a cikinmu wane ne uban. Tana aji biyar aka yi ranar da ba wanda ya je. Ni na ɗauka Baba Wahabu zai je, shi ya ɗauka Malam ne tunda yana hutu ranar, Malam kuwa yana zaune a ɗaki yana karatu, hankalinsa kwance, domin gida cike yake da iyaye. Yarinyar ta zauna a benci a bakin aji har aka fara jera kujeru. Baba Wahabu ne ya je ya ɗauko ta da aka bugo waya. Da suka shigo ya wuce ɗakin Malam ko takalmi bai cire ba, da Hausarsa ta zango wadda ba ta raba mace da namiji.

"Malam, yarinya ya yi kuka har ya gaji. Yara duka da baba, shi kaɗai babu. Wannan ba kyau."

Malam ya rufe littafinsa. Sannan ya ce laifin ba na tsarin ba ne, mu ne ba mu tsara kanmu ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ce uffan ba, domin a ƙarƙashin rufinsa nake kwana kuma ina jin nauyinsa.

Kada wani ya ɗauka ba ya son ta. Ni shaida ce. Lokacin da ta shiga sakandare ta fara hawa bas ita kaɗai, kullum sai ya bi bayanta daga nesa, ya laɓe a bakin shagon jaridu har ta hau, sannan ya wuce tashar jirgin ƙasa ya makara a aiki. Ba ta taɓa waiwayowa ta gan shi ba, domin ya iya ɓuya. Amma ranar Idi a masallacin Regent's Park, in wani tsohon abokinsa ya gan su ya ce, "A'a, Malam, wannan ce 'yar taka?" sai ya kawar da kai ya ce, "'Yar gidanmu ce." Tana tsaye a gefensa da sabon lalle a hannu, tana jin kowace kalma, domin Hausa ba ta ɓace mata, amsawa ce kawai take yi da Turanci.

Tana shekara goma sha biyu aka ba ta ɗan ƙaramin ɗakin da ke saman matakala, wanda gado ɗaya ya cinye shi. A makaranta ta sassaƙa wani ɗan allo, ta rubuta sunanta da shuɗin fenti, ta rataye a ƙofa. Kwana biyu ya yi a wurin. Malam ya cire shi da hannunsa, ya kira mu falo, ya karanto mana Girkawa daga farko. Zarah ta tsaya a bakin ƙofa, ta tambaye shi da Turanci ko ba za a bar mata abu ɗaya tak a gidan nan ba. Bai dube ta ba, ni ya duba.

"Zinatu, ki gaya mata duk gidan nan nata ne. Me za ta yi da ƙofa ɗaya?"

Ni kuma, don rashin tunani, na juya na gaya mata. Bayan wata guda wasu baƙi suka sauka da tsohuwa mara lafiya, aka ba tsohuwar ɗakin, Zarah ta dawo katifa a ɗakinmu na mata. Ba ta yi gardama ba. Daga lokacin ta rage magana a gidan, mu kuma muka ce ta yi hankali.

Ranar da sakamakon jarrabawarta ta gama sakandare ya fito ta samu gurbin karatun haɗa magunguna a Manchester, na wuce ta ƙofar ɗakinsa na hango shi ya faɗi yana sujadar godiya, kafaɗunsa suna girgiza. Ya jima a haka. Da ya fito falo, idonsa jawur, ita tana zaune da takardar a cinya tana jira, abin da ya ce shi ne, "Allah ya yi wa yaran gidan nan albarka baki ɗaya." Muka ce amin. Ta ninke takardar ta hau sama.

Sau ɗaya ta roƙe shi wani abu baki da baki bayan ta girma. Za ta auri Fa'iz, wani likita ɗan Kano da suka haɗu a can, yaro mai natsuwa. Ta zo London takanas, ta durƙusa a gabansa, kuma da Hausa ta yi maganar, daga ji ta kwana biyu tana bitar ta.

"Baba, ina so kai da kanka ka ba da aurena. Ba wani ba. Kai."

Ya sunkuyar da kai ya ce ya ji. Bayan ta tafi ya kira Baba Wahabu ya ce shi ne waliyyi, domin a Zariya uba ba ya zama ya ɗaura wa 'yarsa aure, ƙaninsa ko amininsa yake wakiltawa, kuma wannan girmamawa ce ga wanda ya sha wahalar yarinya. Baba Wahabu ya ƙi, ya ce, "Malam, yarinya ya roƙe ka da bakinsa. Ka yi masa wannan ɗaya." Malam ya ce in ya zauna a gaban liman yana cewa na ba da 'yata, da wane ido zai dubi mutanen da suka taya shi riƙo? Haka aka ɗaura. Ya zauna a sahun ƙarshe kusa da ma'ajiyar takalma, wajen walima kuwa bai leƙa ba, wai ba a ganin uban amarya a wurin biki. Daga wannan rana Zarah ba ta sake taka gidan ba. Takan bugo waya da Sallah, su gaisa minti biyu.

Gidan ma bai daɗe ba bayan haka. Mai shi ya sayar, aka watse. Kafin nan ma yawancinmu mun kama gabanmu, kowa da ɗakinsa da makullinsa. Ni da nake ba ku labarin nan, madarata a firjin wurin aiki da sunana a jiki, da manyan baƙaƙe. Malam ya koma ɗaki ɗaya a wani dogon bene na ƙaramar hukuma, shi da kwalinsa.

A watan Fabrairun bara jini ya hau masa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Muna da zauren tura saƙonni a waya na tsofaffin 'yan gidan, mutum ɗari da arba'in da wani abu, daga London har Abuja da Toronto. Kafin azahar addu'o'i sun cika shi. Wannan ya ce Allah ya sa kaffara ne, wancan ya ce Malam uba ne ga kowa, wata ta turo muryarta tana kuka. Ni ma na tura tawa addu'ar mai tsawo, na ce a raina da yawan nan namu ai sai an yi layi a bakin gadonsa, bari na bari a rage. Sai a kwana na tara na je. Ma'aikaciyar ɗakin ta ce ban da wani tsoho mai ɗingishi da ke zuwa da miya a kwano, sun ɗauka mutumin ba shi da kowa. Baba Wahabu ke nan, da ciwon gwiwarsa, bas biyu zuwa bas biyu dawowa. Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata, ga ni ma'aikaciyar jinya.

Daga asibiti aka mayar da shi gidan kula da tsofaffi a wajen Enfield. Maganarsa ta dawo a hankali, tana ja amma ana ganewa. Bayan zuwana Zarah ta je sau ɗaya yana asibiti, lokacin bai san wanda ke kansa ba, ta sa hannu a takardu ta koma. Wata Lahadi ina yanke masa farce, ba tare da na tambaye shi komai ba, ya ce:

"Zinatu, yaron nan... ɗalibin. Ya fi malaminsa gaskiya."

Wallahi ban ji daɗi ba. Na fi son ya mutu da taurin kansa a kan na ga ya rushe a gabana yana shekara saba'in. Kuma haushi ya taso mini, na shekara ashirin.

"Malam, don Allah ka rabu da Girkawan nan, sun mutu sun huta. 'Yarka tana Manchester, awa biyu ne a train. Ka kira ta, ka kira sunanta, ka ce mata ita taka ce. Shi ke nan abin da take nema tun tana shekara shida."

Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya shanye, bai iya sharewa ba. Ya ce na kira masa ita, in ta zo zai faɗa. Na ce ya yi alkawari, ya ce ya yi.

Da na buga mata, tambayar farko da ta yi ita ce, "Anti, shi ya ce, ko ke kika ce?" Na rantse mata shi ya ce. Sai ta ce, "To. Zan yi booking na Asabar."

Ranar Asabar na riga ta zuwa. Na sa masa farar riga da hula, na fesa masa turare. Ina so a fahimci wani abu, ba ciwon ne ya riƙe masa harshe ba. A safiyar nan ya kira sunana, ya tambayi Wahabu da suna, ya gode wa Cynthia, 'yar Jamaika da ke kula da shi, da sunanta raɗau.

Ƙarfe biyu ta shigo, da lemo a leda, ta rame kaɗan, kamanninta da shi sun ƙara fitowa. Ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni. Ya jiki?" Cynthia tana gyara labule, ta juyo da fara'arta, ta tambaye shi da Turanci wace ce wannan kyakkyawar baƙuwa tasa. Na ce a raina Allah ya kawo sauƙi, ga ƙofa an buɗe masa. Na ga Zarah ta daina motsi. Malam ya buɗe baki, ya dubi 'yarsa, wataƙila karo na farko da na ga ya dube ta ido cikin ido. Sai kuma idon ya sauka kan bargo.

Ya ce wa Cynthia 'yar gidansu ce.

Minti arba'in ta yi. Ya tambaye ta hanya, ya tambayi ruwan sama a Manchester, ya tambayi mai gidanta da iyayensa ɗaya bayan ɗaya. Ta ɓare masa lemo ta sa masa a hannun hagu. Ina ta yi masa ido, ina gyaran murya, har na taka masa ƙafa mai lafiyar. Sau biyu ya ja numfashi kamar zai fara, sau biyu ya ƙare da tambayar ko jirgin ya cika. Da lokaci ya yi ta miƙe ta ce Allah ya ƙara sauƙi, ya ce amin, a gaida mutanen gida.

Na bi ta har bakin lif, ina haki, na shiga zuba mata duk abin da na sani. Na gaya mata zancen shagon jaridu, na gaya mata sujadar da ya yi, na gaya mata hawayen ranar Lahadi. Ta bar ni na gama.

"Anti, na sani. Baba Wahabu ya gaya mini tun ranar aurena. Ke ma kin gaya mini. Kowa ya gaya mini Babana yana sona." Ta danna maɓallin lif ɗin. "Shi kaɗai ne bai gaya mini ba. Na gaji, Anti. Kar ki sake kira na sai in wani abu ya faru."

Ba ta yi kuka ba, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Na tsaya har ƙofar ta rufe.

Da na koma ɗakin yana nan yadda muka bar shi, lemon a hannunsa bai sha ba, yana kallon ƙofa.

"Ta tafi?"

Na san wadda yake nufi. Amma zuciyata ta riga ta ƙeƙashe, na ce ko a bayan idonta ne sai ya faɗa yau.

"Wa?"

Ya dube ni yana roƙo da ido. Ban tausaya masa ba, na tsaya ina jira, jakata a kafaɗa. Ya buɗe baki ya rufe, ya sake gwadawa.

"Yarinyar," ya ce.

Na ce masa e, ta tafi.